Daga Tsintuwar Dabba Zuwa Motar Janwe

Idan babbar mota ta mutu tsakanin Anka da Daki Takwas, ko a hanyar Bukkuyum, direba ba ya da bakin ciniki. Yamma na yi, hanya ba ta da aminci, mai janwe kuma ɗaya ne. Abin da ya yanka shi za a biya, in ba a biya ba ya riƙe motar. Matsalar ta girmi mota, kuma magabata sun yi mata tanadi.

Risalar Ibn Abi Zaid, wadda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hukunta cewa wanda ya yi tsintuwa ya yi cigiyarta shekara guda. Al'ada ta bi wannan sawu: dabbar da ta ɓata ko ta yi ɓarna a gona a gidan mai unguwa ko dagaci ake ɗaure ta, a can ake ƙiyasta ɓarna da kuɗin ciyarwa. Wanda ya kama daban, wanda ya yanke kuɗi daban, abin da aka riƙe kuwa amana ne.

Zamanin mota ya haɗe waɗannan hannaye wuri guda. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988, Legas ta kafa LASTMA a 2000, Kano ta biyo da KAROTA a 2012. Kawar da motar da ta tare hanya aiki ne da ke ceton rai. Sai dai sau da yawa wanda ya ja motar shi ke ajiye ta, shi ke faɗin kuɗin ja da na kwana.

Kotu ta fara raba hannayen. A watan Oktoba na 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an VIO ƙwace motoci da cin tarar direbobi, tana cewa doka ba ta ba su wannan iko ba. Ta fuskar 'yan kasuwa kuma, dokar kare masu saye da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta haramta farashin zalunci, ta wajabta bayyana farashi. Amurka ma, da ta sakar wa harkar sufuri mara, a 1995 ta bar wa jihohi ikon ƙayyade kuɗin jan motar da aka ja ba da yardar mai ita ba.

Zamfara na iya farawa da abu uku: farashin ja a rubuce bisa nisan tafiya, a manna shi a tashoshin Anka, Gummi da Bukkuyum; rasit da jerin kayan da ke cikin mota; da alƙalin da zai saurari ƙorafi kafin kuɗin ajiya ya fi ƙarfin mai mota. Dagacin da ya ɗaure saniyar wani ya san ba tasa ba ce. Wannan sanin ake so doka ta ɗora wa mai janwe.