Guba Mai Zaƙi da Masanan da Ke Farautarta

A shekarar 1937 wani kamfanin magunguna a jihar Tennessee ta Amurka ya so ya mayar da ƙwayar sulfanilamide maganin ruwa, domin yara su sha ba tare da wahala ba. Masanin sinadaran kamfanin ya narkar da ita a cikin dayetilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi marar launi, ya ƙara mata ɗanɗano mai daɗi. Ba a gwada illarsa ba, domin dokar lokacin ba ta wajabta hakan ba. Cikin makonni kaɗan mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, bayan ƙodarsu ta daina aiki.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta baza kusan dukan jami'anta da masana sinadaranta su bi kwalaben daga kanti zuwa kanti. Sai dai hujjar da doka ta ba su ta ƙwace maganin ita ce sunan da aka lika masa bai dace da abin da ke ciki ba. Kisan da ya yi bai shiga cikin lissafin doka ba. Wannan giɓi ne ya haifar da dokar 1938, wadda Shugaba Roosevelt ya sanya wa hannu, ta tilasta wa kamfani ya nuna cewa sabon magani ba shi da haɗari kafin ya shiga kasuwa. Daga nan masanin sinadarai na gwamnati ya koma mai tsaron ƙofa.

Gubar nan ba ta tsaya a Amurka ba. Saboda ta fi gilisarin araha, kuma ido da harshe ba sa bambanta su, marasa tsoron Allah kan sayar da ita a madadinsa. A 1990 ta shiga farasitamol na ruwa a Nijeriya, yara 109 suka rasu. Shekara uku bayan haka aka kafa NAFDAC da Doka ta 15 ta 1993. A 2008 ta sake ɓulla a maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, aka rasa yara aƙalla 84. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya.

Abin da ke gano ta shi ne gwajin ɗakin bincike, inda na'ura ke rarrabe sinadaran da ke cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya, masani kuma ya fassara sakamakon. Irin wannan aiki ne ma'aikatan NAFDAC ke yi a ɗakunan gwaje-gwajenta na Legas da Kaduna. Ba kasafai ake jin sunansu ba. Amma wanda ya karanta kimiyyar sinadarai ya zaɓi wannan hanya, sa hannunsa a takardar sakamako shi ke yanke ko kwalbar za ta isa hannun uwa ko za a lalata ta.