Ƙarangiya Ba Shaidar Hamada Ba Ce

An saba a rubuce-rubuce kan muhalli a riƙa kafa hujja da yaɗuwar ƙarangiya, wato Cenchrus biflorus, a ce duk inda ta yi yawa hamada ta iso. Zancen kwararowar hamada kansa sananne ne tun maƙalar masanin gandun daji Stebbing ta 1935, ba sai an maimaita ba. Abin da nake ja a kai shi ne sanya wannan ciyawa a sahun shaidu.

Ƙarangiya ciyawar damina ɗaya ce. Tana tsirowa da ruwan farko, ta yi saurin fitar da kai, kafin kaka ta ƙare ta bushe ta bar iri cikin ƙunshin ƙaya. Ƙayar tana da ƙananan haƙora masu kallon baya, shi ya sa take maƙalewa a jelar saniya da bakin wando. Ana samun ta daga Senegal har Sudan, da ƙasar Larabawa, da Rajasthan ta Indiya, ta kuma shiga arewacin Ostireliya. Amma a tsakiyar Sahara ba ta rayuwa. Hasali ma iyakarta ta arewa, wajen da ruwan shekara ke kusan milimita 150, ita masana tsirrai suka daɗe suna ɗauka a matsayin ƙarshen hamada da mafarin Sahel. Da wuya a ce ciyawar da ke gudun hamada ita ce manzonta.

Mai ja zai ce: ai bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gamba ta ja baya a wurare da yawa, ciyayin damina ɗaya suka gaje ta. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Sai dai ta nuna mutuwar gamba ne, ba zuwan rairayi ba. Matafiyin nan Barth ya koka da ƙarangiya a tafiyarsa ta shekarun 1850, tun kafin waɗannan fari. A lura kuma da inda take cunkushewa: burtali, bakin mashaya, jigawar da kofato ya tattake.

Saboda haka iyakar abin da zan iya karewa shi ne, yawanta na nuna ƙasa mai yashi da zirga-zirgar dabbobi, wataƙila da kiwon da ya wuce kima. Wanda ya kira wannan hamada, zai je dasa itatuwan kariya alhali abin da ya kamata a gyara tsarin kiwo ne.