Sunan Ɗa Namiji a Arewacin Zazzau: Tarihin da Ake Raɗawa a Kunne

Idan aka karanta rajistar kowace makarantar firamare a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, za a ji sunaye irin su Abubakar da Usman da Yusuf sun cika shafi. Amma da zarar an tashi yara sun koma gida, sai a ji ana kiran waɗannan yaran da Tanko, da Ɗanlami, da Gambo. Ina ganin wannan bambanci kundin tarihi ne. A kan ɗa namiji guda na wannan yanki ana iya karanta zamani uku da suka hau kan juna: na gargajiya, da na Musulunci, da na takarda.

Mafi daɗewa shi ne sunan da yake ba da labarin haihuwa. Bahaushen dauri manomi ne, kalandarsa kuwa ita ce sama da gona da kasuwa. Wanda aka haifa ana tsakiyar aikin gona Nomau ne, wanda ya sauka ana zuba ruwa Anaruwa ne, wanda ya zo ranar cin kasuwa Maikasuwa ne. Wasu sunayen jerin ɗaki suke bayyanawa: Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Wasu kuma jiki suke siffantawa, kamar Cindo mai yatsa shida da Jatau mai hasken fata.

Mafi nauyi a cikinsu su ne sunayen 'ya'yan wabi. Macen da ta binne jarirai biyu ko uku takan kira na gaba Ajuji ko Mantau, wato wanda aka jefar a juji ko aka manta da shi, don a nuna wa mutuwa cewa ba a damu da shi ba, ko ta kau da kai. Mutanen Koriya ma sun daɗe suna laƙaba wa jariri sunan ƙasƙanci, har da wanda ma'anarsa kashin kare, saboda tsoro iri ɗaya. Inda duk yara suke yawan mutuwa, iyaye sukan ɓoye ƙauna a cikin suna mai muni.

Zamani na biyu ya riga jihadi isowa. Sarkin Zazzau na Haɓe da ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18 sunansa Isiyaku, amma tarihi da Jatau ya riƙe shi. Ɗansa Muhammadu Makau shi ne ya bar Zariya ya nufi kudu bayan jihadin da aka fara a 1804, ɗan'uwansa Abubakar Ja kuma ya kafa garin Abuja na asali a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Ashe sunan babban birnin Nijeriya laƙabin wani ɗa namiji ne daga gidan sarautar Zazzau. Waɗannan sarakuna sun nuna yadda aka yi sulhu: sunan yanka na addini, sunan kira na gida.

Jihadi ya ƙarfafa wannan tsari ya kai shi ƙauyuka. A yi wa jariri huɗuba a kunne, rana ta bakwai a taru da hantsi, a raba goro, a yanka rago, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya yi aski. Sai dai harshen Hausa bai karɓi baƙin sunaye ya bar su yadda suka zo ba. Abubakar ya zama Habu da Garba, Ibrahim ya zama Iro, Idris ya zama Idi, Muhammadu ya zama Mamman. Gidan da ya so kowane ɗa ya ci sunan Manzo sai ya jera su da ƙidayar Larabci: Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. Usman ya zama Shehu don girmama Ɗanfodiyo. Fulani kuma suka kawo nasu na jerin haihuwa, irin su Sambo, ɗa na biyu, da Yero, kuma duka biyun sun hau gadon sarautar Zazzau a ƙarni na 19.

Abin da ya raya sunan gida a ƙarƙashin na yanka shi ne kunya. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, suruka ba ta kama sunan uban miji. Idan yaro ya ci sunan kakansa, dole a nemo Abba ko Baba ko sunan ranar haihuwarsa. Da haka mata suka zama masu tsaron tsofaffin sunaye: maza su raɗa a zaure, mata su laƙaba a tsakar gida, kuma sau da yawa na matan ne yake bin mutum har kabari. Gwamnan farar hula na farko a jihar Kaduna, daga 1979 zuwa 1981, sunansa na yanka Abdulƙadir, amma duniya da Balarabe Musa ta san shi, wato haifaffen Laraba.

Wannan yanki yana da wani reshe da ba a cika ambata ba. A ƙauyukan Ikara da maƙwabtanta Maguzawa sun daɗe riƙe da sunayen gargajiya a matsayin sunayensu na ainihi. Da yawansu sun musulunta, wasu kuma sun karɓi Kiristanci, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa ake samun Bulus ɗan Nomau, ko Yohanna jikan Tanko, kuma Bahaushe ne gaba da baya.

Zamani na uku ya zo da Turawa, waɗanda suka mamaye Zariya a 1902. Rajistar makaranta da ta haraji suna buƙatar suna na biyu, abin da Bahaushe bai saba da shi ba. Sai aka riƙa cike gurbin da sunan uba ko na gari, kamar yadda aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Ta wannan hanya ce sunan Maƙarfi ya shiga bakin 'yan Nijeriya, lokacin da Ahmed Muhammad Maƙarfi ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Koriyawa sun ga abin da ya fi wannan tsanani, domin a 1940 mulkin mallakar Japan ya matsa musu su ɗauki sunaye irin na Japanawa, kuma da suka sami 'yanci a 1945 suka koma ga nasu. Su an ƙwace musu ne da ƙarfi, shi ya sa suka san abin da suka rasa. Namu yana zubewa ne a hankali, ba tare da an daki kowa ba.

A yau katin ɗan ƙasa da asusun banki da takardar jarrabawa suna son suna ɗaya tak, mai rubutu ɗaya, wanda ba ya sauyawa. Mutumin da garinsu ya sani da Shekarau, takardarsa ta ce Muhammad, sai ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi. Iyaye matasa kuma suna neman sunayen alkunya daga Larabci, irin su Walid da Khalifa, har Tunau da Ajuji suka koma abin dariya. Ba na kukan ɓacewar Ajuji, domin raguwar mutuwar jarirai alheri ce. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari jikan Audi bai san cewa sunan kakansa yana nufin maraya ne tun daga ciki ba.

Maganin ba shi da tsada. Fom ɗin yau gurbi uku gare shi, kuma na tsakiya yakan zauna fanko. Uban da ya rubuta Usman Tanko a takardar haihuwar ɗansa bai rage komai daga addininsa ba, ya dai bar wa na baya shaidar cewa kafin wannan yaro an haifi mata, kuma an jira shi.