Rawar Saje Musgrave: Tarihin Wani Wasa Kan Soja da Ramuwar Gayya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bin diddigin wasan kwaikwayon John Arden mai suna Serjeant Musgrave's Dance, watau Rawar Saje Musgrave, wanda aka fara nunawa a dandalin Royal Court da ke Landan cikin Oktoba 1959. Abin da muke son nunawa shi ne, ba a fahimtar wasan sosai sai an san abin da ya haife shi.

2.0 Tushen Wasan

A 1958 tsibirin Kubrus yana hannun Ingila, 'yan ƙungiyar EOKA kuwa suna yaƙin sunƙuru da ita. Cikin Oktoba na shekarar aka harbe matar wani sajen Ingila a Famagusta. Sojoji suka bazu cikin gari suna kame da duka, har waɗansu suka rasa rayukansu. Arden da kansa ya ce wannan labari yana cikin abubuwan da suka zaburar da shi. Amma sai ya mai da wasan baya, zamanin Sarauniya Biktoriya, a wani garin masu haƙar kwal a arewacin Ingila, ana tsakiyar hunturu da yajin aiki.

3.0 Lissafin Musgrave

Sojoji huɗu da suka gudu daga yaƙin mulkin mallaka suka shigo garin a matsayin masu ɗaukar kurata. Cikin kayansu akwai bindiga mai jigida da ƙwarangwal ɗin Billy Hicks, ɗan garin, wanda aka kashe a can, aka kuma kashe mutum biyar a kan jininsa. Lissafin Musgrave kuwa shi ne: tun da an kashe biyar saboda ɗaya, to, sai a kashe 25 a nan saboda biyar ɗin, don mutanen gida su ɗanɗana abin da ake yi da sunansu.

A ganinmu nan ne ƙashin bayan wasan yake. Musgrave ya tsani yaƙi da gaske, amma babu makamin da ya sani sai na bariki: ƙidaya, oda, da bindiga. Tun kafin ranar taron kasuwa ma jini ya zuba a tsakaninsu, don Attercliffe, wanda ya fi kowa ƙin kisa, a hannunsa Sparky ya mutu bisa kuskure. Da Annie ta tona wannan a gaban jama'a sai shirin ya wargaje. Sojojin doki suka iso, aka harbe Hurst, aka ɗaure sauran biyun.

4.0 Karɓuwa

Da fari wasan bai sami kasuwa ba. Sau 28 kaɗai aka nuna shi, aka kuma yi asarar kuɗi. Masu sharhi da yawa sun rasa gane ɓangaren da marubucin yake, alhali kuwa da gangan ya ƙi ba su gwarzon da za su jingina da shi. Sai a 1965, bayan Kubrus ta sami 'yanci da shekara biyar, aka sake nuna shi a dandalin nan, aka karɓe shi hannu biyu.