Daga Terans Zuwa Yazi Dogo: Tarihin Zaɓen Wasan Barkwanci a Makaranta

A yawancin makarantun lise na ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, idan shekarar karatu ta raba tsakiya, malamin da aka ɗora wa nauyin ƙungiyar wasan kwaikwayo yakan sami kansa gaban tambaya guda: wane wasa yara za su yi a bikin ƙarshen shekara? Sau da yawa amsar ba ta wuce abin da ke ɗakin littattafai, wato kwafi uku ko huɗu na Moliyer da suka sha hannu. Ana ɗaukar al'amarin ƙarami. Amma wanda ya bi diddigi zai tarar malamai sun fi shekara dubu suna gardama a kan wannan zaɓi, kuma abin gardamar bai sake ba: da wane harshe za a yi wasan, wa aka yarda ya hau dandali, wa kuma aka yarda a yi wa dariya.

Ɗaya daga cikin marubutan da suka fi daɗewa a hannun ƴan makarantar Turai ɗan Afirka ne. An haifi Terans a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, aka kai shi Rum yana bawa, daga baya ubangidansa ya ƴanta shi. Ya bar wasannin barkwanci shida cikin Latinanci, waɗanda aka nuna tsakanin shekara ta 166 da ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa. Saboda tsabtar harshensa da sauƙinsa, malamai suka mai da shi littafin koyon Latinanci. Sai dai labaran nasa cike suke da samari masu bin mata, da bayi masu damfarar iyayengijinsu, da tsofaffin da ake yi wa wayo. Malamai na son harshen, suna tsoron labarin. A ƙarni na 10, wata mai ibada a gidan zuhudu na Gandersheim, a Jamus, mai suna Hrotsvitha, ta rubuta nata wasannin shida a kan rayuwar salihai, don a sami abin karantawa a madadin Terans. Ƙarni shida bayan haka, a 1599, limaman Jezuwit suka fitar da tsarin karatun makarantunsu. Sun yarda ɗalibai su yi wasa, amma da sharaɗi: ya kasance cikin Latinanci, jefi-jefi, a kan batu na ibada, kuma kada a ga mace ko tufafin mata a dandali. A ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, kwalejin Clermont da ke Paris, wani yaro mai suna Jean-Baptiste Poquelin ya yi karatu. Shi ne duniya ta sani da Moliyer.

Batun ƴan mata ya taso a fili a makarantar Saint-Cyr, wadda Madame de Maintenon ta sa aka kafa a 1686 domin ƴaƴa mata 250 na manyan gidajen da suka talauce. Ɗaliban sun gwada wani wasan soyayya na Rasin, suka yi shi da kyau har ya tsorata uwar makarantar. Sai ta roƙi Rasin ya rubuta musu wani wanda babu soyayya a ciki. Ya rubuta Esther, aka nuna shi a watan Janairu na 1689 gaban Sarki Luwi na 14. Fadawa suka yi ta tururuwa, yabo ya shiga kan yaran, har ta kai wasan da ya biyo baya, Athalie, a 1691, sai a ɗaki aka yi shi, ba kayan ado, ba taro. Duk malamin da ya taɓa zuwa gidan wani uba yana neman izinin ƴarsa ta fito a wasa ya san wannan fargaba ba ta Faransa kaɗai ba ce.

Shi kuwa Moliyer, wanda aka haifa a 1622 ya rasu a 1673, bai rubuta ko wasa ɗaya don ƴan makaranta ba. Ɗan wasa ne mai ƙungiya, yana rubutu don ciyar da ita. Ya kuma ɗanɗana kuɗar yi wa masu ƙarfi dariya. Wasansa Tartuffe, labarin wani munafuki da ya shiga gidan attajiri da rigar ibada yana neman matarsa da dukiyarsa, an hana nuna shi a 1664. A 1667 babban limamin Paris ya yi barazanar korar duk wanda ya kalle shi ko ya karanta shi daga coci. Sai a 1669 aka sake shi. Daga baya ne makarantun Faransa suka mai da mutumin da limamai suka yi jayayya a kan jana'izarsa ginshiƙin manhaja, kuma ta wannan hanya ya iso mana.

Kafin ya iso nan ya biya ta ƙasashen Larabawa, kuma abin da suka yi da shi abin lura ne. Wajen 1847, Marun al-Naƙƙash ya shirya wasan Al-Bakhil a gidansa da ke Beirut, bisa sawun L'Avare, wato Marowaci, kuma shi ake lissafawa wasan kwaikwayo na zamani na farko cikin Larabci. A 1873, Muhammad Usman Jalal na Masar ya juya Tartuffe zuwa Larabcin kan titin Alƙahira, ya sa wa munafukin suna Shaihu Matluf. Babu ɗayansu da ya kawo Moliyer da rigarsa ta Faransa. Sun san zanen aro ba ya rufe katara.

A Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, wasan makaranta ya kafu ne a William Ponty, makarantar horar da malamai da ma'aikata da a lokacin take tsibirin Gore a Sanagal, inda Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu. Daga 1933 ɗalibai suka fara shirya wasanni a kan tarihi da al'adun garuruwansu, kuma Charles Béart, wanda ya zo makarantar a 1935, ya ƙarfafa abin: a lokacin hutu kowa ya tattaro labarai da waƙoƙin gida, a dawo a mai da su wasa. A 1937 aka kai su Paris suka yi wasa. Amma maganar dandali Faransanci ce, harsunan gida sai a waƙa da rawa, maza ne ke fitowa a matsayin mata, kuma dariyar takan faɗa kan al'adun ƙauye da sarakunan gargajiya, ba ta taɓa kumandan. Tsofaffin ɗaliban Ponty ne suka dawo da wannan salo gida, kuma cikin shekarun 1950 Mahaman Dandobi ya rubuta L'aventure d'une chèvre, ɗaya daga cikin wasannin ban dariya na farko da ɗan Nijar ya rubuta.

Wannan ba ya nufin Bahaushe ya jira Bature kafin ya san kwaikwayo. Tashe na watan azumi makaranta ce ta barkwanci da yara ke gudanarwa da kansu. Ƴan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai da wa'azinsu, suna juya shi zuwa zancen tuwo da miya, malaman kuma su yi dariya tare da kowa. A Damagaram, wasan kara yana bai wa talaka damar sa rigar sarki ko ta gwamna, ya yi tafiyarsa da maganarsa a gaban idonsa. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, in ji Hausawa, kuma a nan har mai mulki ana faɗa masa.

A hayin iyaka, a Arewacin Nijeriya, makaranta ta bi wata hanya dabam, domin a lokacin da Hausa ake koyarwa a azuzuwan farko. Cikin shekarun 1930 Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa da aka ɗebo daga tatsuniyoyi, musamman don ɗalibai. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, waɗanda aka fara ji a rediyo kafin a buga su a kusa da 1960, sai Uwar Gulma na Muhammadu Sada a 1968. Har Shekisfiya ya shigo Hausa: Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasansa na barkwanci da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Waɗannan littattafai sun zama abin karatun jarrabawa a can, alhali ɗalibin lise na Maraɗi, wanda Katsina ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba, yakan gama bakaloreya bai taɓa jin sunansu ba.

A Nijar, wasan Hausa ya bunƙasa a wajen aji. Daga 1976, a zamanin Seyni Kunce, bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi, ƙungiyoyin samariya suna gasar teyatur cikin harsunan gida. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya jagoranta, ta zama abin kwatance, kuma shi kansa malamin makaranta ne. Hanyar aikinsu ta bambanta da ta littafi: a zauna a amince da ƙashin labari da fitowa-fitowa, kowa ya san halin wanda zai kwaikwaya, maganar kuwa a baki take fitowa lokacin gwaji. Janet Beik, wadda ta zauna da waɗannan ƙungiyoyi, ta fitar da littafi a kansu a 1987, inda ta ɗauki wannan teyatur a matsayin fasahar baka ta zamani. Wannan hanya ita ta ba wasannin rai, ita kuma ta sa malamin yau ba ya samun su a rubuce idan ya je nema.

Akwai wasa ɗaya da ya kamata kowane malami ya tuna da asalinsa. Guillaume Oyono-Mbia na Kamaru yana ɗalibin kwalejin Libamba ya rubuta Trois prétendants... un mari, abokan karatunsa suka fara nuna shi, aka buga shi a Yawunde a 1964. Juliette ta dawo hutu ta tarar dangi sun karɓi jaka ɗari daga wani manomi, sannan suka karɓi jaka ɗari biyu daga wani ma'aikacin gwamnati, ba wanda ya tambaye ta. Sai ta sa aka ɗauke kuɗin, saurayinta ɗan lise ya biya sadakinta da su. Yau ana lissafa wasan cikin manyan wasannin Afirka, amma ɗan makaranta ne ya rubuta shi don ƴan makaranta, a kan abin da ke faruwa a gidajensu.

Me wannan dogon tarihi zai amfana wa malamin da zai yanke shawara a watan gobe? Da farko, batun harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Wasan ban tausayi yana iya jure ɗan kallon da bai fahimci kowace kalma ba. Barkwanci ba ya jurewa, domin dariyar da aka yi bayan fassara ta huce. Idan iyaye ne za su cika fili, to a yi abin da Jalal ya yi. Harpagon, wanda ya binne akwatin kuɗinsa a lambu kuma yake son aurar da ƴarsa ga tsoho don kawai ya yafe masa dukiyar rakiya, kowa ya san shi a unguwa: uba ne mai gudun kayan ɗaki da gara. Idan kuwa manufar ƙarfafa Faransancin ɗalibai ce, to a zaɓi wasan zube, a bar na waƙa. Le Médecin malgré lui na 1666, wato likitan dole, kashi uku ne kawai, mutum goma sha ɗaya, uku mata. Amma a karanta shi da alƙalami a hannu, domin da dukan mata yake farawa, kuma akwai ba'ar da ake yi wa mai shayarwa wadda ba ta dace da bakin yaro ba.

Na biyu, ƴan mata. Yawancin waɗannan wasanni, daga Moliyer har Oyono-Mbia, a kan auren dole suke, kuma yarinyar da ake son aurarwa ita ce zuciyar labarin. Ba wa namiji wannan matsayi komawa zamanin Ponty ne. Gara malami ya ɗauki littafin ya je gida-gida, ya nuna wa iyaye abin da ƴarsu za ta faɗa, a sa lokacin gwaji da rana, a kuma sami malama mace a wurin.

Na uku, wanda za a yi wa dariya. Tartuffe ya sha da ƙyar a hannun babban marubuci mai goyon bayan sarki, ballantana a hannun yaran aji. Wannan ba dalilin gudun sa ba ne har abada, amma wanda zai taɓa shi ya fara koyon dabarar ƴan kama, waɗanda ke kwaikwayon malami ba tare da sun taɓa addini ba. Haka kuma a guji wasan da duk dariyarsa ke kan baƙauye ko mai lalura, domin kakannin yaran ne ke zaune a layin gaba.

Saura aiki ɗaya da ya rataya a wuyan ƙungiyoyin al'adu. Faifan wasannin samariya da na rediyo da talabijin, da tsofaffin ƴan wasan da suka rage a Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dogon Dutsi, su ne ɗakin littattafan da ba mu rubuta ba tukuna. Terans ya kai gare mu ne saboda wasu sun zauna sun kwafe shi da hannu, tsara bayan tsara. In kowace ƙungiya ta ɗauki wasa ɗaya ta rubuta shi da izinin masu shi, cikin ƴan shekaru malamin lise zai buɗe kabad ya tarar da Yazi Dogo kusa da Moliyer, ya zaɓi wanda ya fi dacewa da yaransa. Allah ya ba mu ikon yi.