Tarihin Ƙauyen Aro da Darasinsa Gare Mu Mazauna Kurmi

Da yawa daga cikinmu idan aka ce Aro ta Abekuta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gidan mahaukata. To amma wurin nan yana da tarihin da ya kamata mu sani.

A zamanin Turawan mulkin mallaka, wanda ya sami taɓin hankali tsare shi ake yi kamar fursuna. Gidan da aka buɗe a Yaba ta Ikko a 1907 ya fi kama da kurkuku, don magani kaɗan ne, mari da kulle su ne suka yi yawa.

A 1954 sai Dokta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta, ya komo daga Ingila bayan ya ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa. Ya tarar ba a gama ginin asibitin Aro ba. Maimakon ya zauna jira, sai ya nemi yardar dagatai na ƙauyuka 4 da ke kewaye, aka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutane ana biyan haya. Sharaɗi guda ne: kowane majinyaci sai ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko inna ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci da kula da shi. Da safe a kai shi asibiti ya karɓi magani, da yamma ya koma cikin jama'a.

Haka kuma Lambo bai raina masu maganin gargajiya ba. Ya jawo wasunsu ya yi aiki da su, domin ya lura mutum ba ya sakin jiki da wanda ke yi wa imaninsa dariya. Tsarin ya yi suna a duniya, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

To, ina abin ya shafe mu? Yaro ya baro Arewa neman kuɗi, ba uwa ba uba a nan, ciwo ya same shi. Sai ka ji an ce iska ce, a ɗaure shi a ɗaki don kunya, ko a jefa shi motar goro a mai da shi gida. Alhali asibitocin ƙwaƙwalwa suna da jami'an jin daɗin jama'a, waɗanda aikinsu shi ne sauraron majinyaci, da neman danginsa, da shirya komawarsa cikin mutane. Sai dai jami'in nan yana bukatar wanda zai yi tafinta, ya bayyana masa al'adarmu.

Wannan kuwa aikinmu ne. Baƙo a Sabo, maigidansa da Sarkin Hausawa da limami su ne danginsa. Malam ya yi addu'a, likita ya ba da magani, mu kuma mu tsaya masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.