Ɗaki ma yana sa baki: daga soron cikin gari zuwa awon sauti a waya

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Na masu haɗa ɗan situdiyo a gida ne, da masu sayen wufa su kafa a ɗaki, da wanda ya sauke manhajar awon sauti, ya ga zanen ya fito kamar haƙoran zarto, ya fara zargin an sayar masa da jabu. Sau da yawa lasifikar lafiyarta ƙalau. Ɗakin ne ke sa baki a cikin kiɗan.

2/
Mu fara da cikin ganuwa. Ku shiga Gidan Makama, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ko zauren wani tsohon gida a Yakasai ko Mandawari, ku tafa sau ɗaya. Sannan ku je sabon ɗakin bulo mai tayil da ba a zuba kaya ba, ku sake tafawa. A na biyun za ku ji wani "tirrr" yana bin tafin. Sauti ne ke kai da kawo tsakanin bango biyu masu santsi da ke kallon juna.

3/
Me ya sa soro bai cika yin haka ba? Bangon tubali da hannu aka ɗora shi, gindinsa ya fi samansa kauri, yaɓensa ba shafe yake tas ba, wani ma da zanen ado mai tudu da kwari. Rufin kuma azara ce ta giginya, wadda ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce wajen ƙafa shida. Shi ya sa magina suke tayar da baka su yi ɗaurin guga in ana son ɗaki mai faɗi. Sauti in ya daki irin wannan wuri sai ya watse, ba ya dawowa a dunƙule. Ƙara da tabarma, darduma, labule, katifa, da jeren kwanuka a ɗakin iyayenmu mata.

4/
Kada dai mu yi wa magina ƙage. Ba don sauti suka yi ginin haka ba. Zafin Kano suke yaƙa, da kayan da ƙasa ta ba su. Kuma rufi mai lanƙwasa yana da nasa halin: yakan tattara sauti wuri guda a ƙarƙashinsa, kamar yadda faranti na tauraron ɗan Adam ke tattara sigina.

5/
Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, siminti da kwanon rufi suka sami hanya. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya ƙara wa abin gudu. Yau ko a lungunan cikin gari, bulo ne, fenti, tayil, gilashi. Irin waɗannan ɗan kaɗan kawai suke shanyewa daga sautin da ya dake su, sauran duk su dawo maka da shi.

6/
A cikin irin waɗannan ɗakuna harkar sautinmu ta girma. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar finafinai ta buɗe a Kano, waƙoƙin fiyano suka biyo baya, shaguna da ɗakunan samari suka koma situdiyo. Maganin da aka gada shi ne a lulluɓe bango da kiret ɗin ƙwai. Za mu dawo kansa.

7/
Wannan ciwon kai an yi shi a Amurka tun kafin a haifi kakanninmu, kuma can aka fara auna shi da lissafi. A 1895 Jami'ar Harvard ta buɗe ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, sai aka tarar ba a gane abin da malami ke faɗa. Kalma ɗaya takan yi wajen sakan biyar da rabi tana yawo kafin ta mutu. Aka ɗora wa wani malamin kimiyya, Wallace Sabine, wanda bai kai shekara talatin ba, ya gyara.

8/
Kayan aikinsa: bututun ogan mai busa murya ɗaya, agogon ƙirga sakan, da kunnensa. Shi ke nan. Shi da mataimakansa su ɗauko ɗaruruwan kushin daga ɗakin taro na Sanders, su shimfiɗa, a busa, a ƙirga, a ƙara kushin, a sake. Kafin gari ya waye su mayar da kayan mutane. Wajen shekara uku ana wannan jigila.

9/
Abin da ya gano: tsawon amsa-kuwwa yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti. A ma'aunin mita, a ninka girman cikin ɗaki da 0.161, a raba da jimillar abin shanyewa, a sami sakan nawa sauti zai yi kafin ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin miliyan. Da wannan aka tsara Symphony Hall na Boston da aka buɗe a 1900, wanda har yau ake sa shi cikin mafi daɗin sauti a duniya.

10/
Ni abin da ya fi burge ni ba lissafin ba ne, yadda ya yi awon ne. Da tsakar dare yake aiki, don hayaniyar titi tana ɓata masa sakamako. Kuma ya taɓa watsar da dubban awo da ya gano cewa tufafin jikinsa ma suna shanye sauti. Daga nan kaya iri ɗaya yake sawa duk ranar aiki. To kai da ka auna da rana, fanka na juyawa, janaretan maƙwabci na kuka, A Daidaita Sahu na hon a bakin lungu, abokai uku na zaune a kan katifa, gobe kuma ka auna kai kaɗai ka ga zanen ya canza, laifin wa?

11/
Don haka kafin komai, auna shirun ɗakin, lasifika ba ta kunna komai. In ka ga tsini daidai kan 50 Hz, da ƙannensa a 100 da 150, wannan gurnanin wutar lantarki ne, don wutar Najeriya a 50 take kaɗawa. Duba wayoyinka, caja, inbata. Ba aikin bango ba ne.

12/
Ga inda ake rikicewa. Ɗakinmu na sha biyu sha biyu, tsawonsa wajen mita 3.66 ne. Sauti na gudun mita 343 a sakan. Raba 343 da ninki biyu na tsawon, ka sami kusan 47 Hz. A wannan muryar bes yake kumbura a ɗakin, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ya taru wuri guda. A jikin bango sai ka ji kamar ƙirjinka zai fashe, a tsakiyar ɗaki kuma bes ɗin ya ɓace. Kun ga 47 da 50 maƙwabta ne, shi ya sa awon shiru ke raba gardama. A zafin Afrilu ma sauti na ƙara gudu, ya kai wajen 355, lambar ta ƙara matsowa.

13/
Lissafin Sabine na manyan ɗakuna ne. Bajamushe Manfred Schroeder ya nuna cewa a ƙaramin ɗaki, ƙasa da wajen 200 zuwa 300 Hz, waɗannan kumburi da ramuka ne ke mulki. Saboda haka haƙoran zarto a ɓangaren bes ba alamar lalacewa ba ne, kowane ɗaki yana da su. Matsar da makirfo taku ɗaya, in ramin ya matsa, ɗaki ne. Kuma kada ka bi rami da ƙara ƙarfi a na'ura, sauti ne ke kashe sauti a wurin, za ka ƙona lasifika a banza.

14/
Makirfon waya don magana aka yi shi, yakan yanke bes, yakan rage ƙara da kansa. Ya isa ka kwatanta jiya da yau, bai isa ka yanke wa lasifika hukunci ba. Mai hali ya nemi makirfon awo irin UMIK-1 da manhajar REW, wadda kyauta ce, ya sa fayil ɗin daidaitawa da ke zuwa da makirfon. A kafa shi daidai inda kunne yake zama, a auna lasifikar hagu daban, ta dama daban, a canza abu ɗaya kawai kafin a sake.

15/
Kiret ɗin ƙwai fa? Zangon sauti mai 47 Hz ya haura mita bakwai. Kwalin da kaurinsa bai kai farce ba ba zai tare shi ba, ba ya hana maƙwabta ji, ga haɗarin gobara. Iyakarsa ya ɗan rage kaifin tafi. Darduma mai kauri a kan tayil, labule mai nauyi da aka bar wa tazara da bango, kabad cike da littattafai, tsohuwar katifa a tsaye a kusurwa, duk sun fi shi aiki. Kujerar ma a janye ta daga tsakiyar ɗaki, kada kuma ta jingina da bangon baya, sannan a sake aunawa bayan sha biyun dare, fanka a kashe.